Tambaya: wace irin lamba ce 720,720, kuma ta ina ake fara kama ta?

Malamar Lissafi, Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum malamai. Akwai aikin da nake so in ba 'yan babbar sakandare masu shirin gasar lissafi, amma ina so in ji ta bakinku kafin in kai shi kan allo. Lambar ita ce 720,720. Ana so a faɗi lambobi nawa ne ke raba ta ba tare da saura ba, nawa ne jimillarsu idan aka tara, sannan a wane rukuni na lambobi take.

Abin da yara suka saba shi ne su ɗauki kalkuleta su yi ta gwada 2, 3, 4, 5 har su gaji su ce abin ba ya ƙarewa. Waɗanda suka ɗan iya kuma, idan sun warware ta zuwa firam (ina nufin lambar da ba abin da ke raba ta sai 1 da ita kanta), sai wani ya ce masu raba ta 8 ne, wani ya ce 10. Akwai kuma masu cewa tunda ƙananan lambobi duk suna shiga cikinta, to lallai 720,721 firam ce. Don Allah wanda ya sani ya shimfiɗa mana hanyar daki-daki, tare da inda ake yin tuntuɓe.

Tsohon Malami, Daura:

Wa alaikumus salam Malama. Kin zaɓi lamba mai daɗin koyarwa. A ajiye kalkuleta tukuna, a fara da ido.

Duk lamba mai alƙaluma shida da ukun farko suka maimaita kansu, ukun nan ne aka ninka da 1001. To 720,720 ita ce 720 × 1001. Ita 1001 kuwa 7 × 11 × 13 ce, kuma wannan abu ne da ya kamata kowane yaro mai zuwa gasa ya haddace, don daga nan ake samun gwajin 7 da 11 da 13 a lokaci guda: a yanka lamba uku-uku daga dama, a ɗebe, a tara, a ɗebe, bi da bi. A nan 720 − 720 = 0, saboda haka dukkan ukun sun shiga. A gwada da 1,081,080: 80 − 81 + 1 = 0, ita ma sun shiga. Sauran aikin na 720 ne, wadda ita ce 16 × 9 × 5.

Wanda bai ga wannan dabarar ba, tsani ya ishe shi. Raba da 2: 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Biyu ta shiga sau huɗu ke nan, ta tsaya don an zo kan mara. Raba da 3: 15,015, sai 5,005, ta tsaya don 5 + 5 = 10 ba ta rabuwa da 3. Raba da 5: 1,001. Sai 7 ta ba da 143, 11 ta ba da 13, 13 ta ba da 1. Sakamako:

720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13

Yanzu ga inda 8 da 10 suka fito. Mai 10 firam ɗin da ke jere ya ƙirga, guda goma ne kuwa, amma ba su ake tambaya ba. Mai 8 ya ɗauki yawan maimaicin kowace firam, 4 da 2 da 1 da 1 da 1 da 1, ya ninka su kai tsaye. Abin da ya ɓace masa shi ne zaɓin “ban ɗauka ba”. Idan za ki gina lambar da ke raba 720,720, a wajen 2 kina da zaɓi biyar: kar ki ɗauka sam, ko ki ɗauki ɗaya, ko biyu, ko uku, ko huɗu. A wajen 3 zaɓi uku ne. A wajen 5, 7, 11, 13 kowace zaɓi biyu, ɗauka ko bari. Shi ya sa ake ƙara 1 a kan kowane maimaici kafin a ninka:

5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240

Masu raba ta 240 ne, har da 1 da ita kanta. Kada a ba yara wannan ƙa'idar haka kawai. A sa su gwada ta a kan 12 tukuna, wadda ita ce 2 × 2 × 3: ƙa'ida ta ce 3 × 2 = 6, su kuma su ƙirga da hannu 1, 2, 3, 4, 6, 12. In sun ga ta yi daidai a ƙaramar lamba, za su yarda da ita a babba.

Da wannan tunanin ake amsa 'yan tambayoyin da masu shirya gasa ke son maƙalawa. Nawa ne mara a cikin 240 ɗin? A hana ɗaukar 2, ya rage 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 48. Sauran 192 cika ne. Nawa ne murabba'i, wato lambar da ake samu in an ninka wata lamba da kanta? Dole kowace firam ta zo bibbiyu, wato 2 ta zo sau 0 ko 2 ko 4, 3 ta zo sau 0 ko 2, sauran kuma ba su da halin zuwa. Guda shida ke nan: 1, 4, 9, 16, 36, 144.

Jimilla kuma, ba tara lambobi 240 za a yi ba. Kowace firam a tara hawa-hawanta, sannan a ninka sakamakon:

na 2: 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31
na 3: 1 + 3 + 9 = 13
na 5: 6, na 7: 8, na 11: 12, na 13: 14

31 × 13 = 403, sau 6 ya zama 2,418, sau 8 ya zama 19,344, sau 12 ya zama 232,128, sau 14 ya zama 3,249,792. Dalilin da ya sa hakan ke aiki shi ne, idan aka sa kowane jerin tarawa a cikin baka, aka buɗe bakunan aka ninka, kowace lamba mai raba 720,720 tana fitowa sau ɗaya tak. A nan ma 12 ce shaida: (1 + 2 + 4) × (1 + 3) = 28, kuma 1 + 2 + 3 + 4 + 6 + 12 = 28.

Batun rukuni, wanda ya fi tsufa shi ne rabon nan gida uku da aka gada daga Girkawa, Nikomakus ya rubuta shi wajen shekara ta 100 miladiyya, malaman Larabci kuma suka kira su tammi da za'idi da naƙisi. Ana tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In jimillar ta yi daidai da lambar, cikakkiya ce, kamar 6, 28, 496, 8,128 da 33,550,336. In ta gaza, mai giɓi ce, kamar kowace firam. In ta wuce, mai rara ce. A nan tuntuɓen shi ne manta cire lambar: 3,249,792 − 720,720 = 2,529,072. Wannan ya fi ninki uku da rabi na lambar. Mai rara ce, kuma rarar ba kaɗan ba.

Malami a Dutsin-Ma:

Allah ya saka wa Baba Malam, bai bar komai a tushe ba. Zan ɗora a kan batun 240 ɗin da kuma maganar 720,721.

Babu wata lamba ƙasa da 720,720 da ke da masu raba ta har 240. Wadda ke riƙe da kambun kafin ita ita ce 665,280 mai 224, kuma ba a wuce 240 ba sai a 1,081,080 mai 256. Irin waɗannan lambobi, da kowace ta fi duk na ƙasa da ita yawan masu rabawa, Srinivasa Ramanujan na Indiya ne ya yi dogon nazari a kansu a 1915. Jerin ya fara da 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, kuma 720,720 ce ta ƙarshe kafin miliyan. Don a ga bambanci, ita miliyan ɗin kanta, da duk girmanta, 49 kawai gare ta, saboda 2 da 5 ne kaɗai a cikinta, kowace sau shida, 7 × 7.

Amma Malama, a kula da yadda za a faɗa wa yara. Kada a ce “ita kaɗai ce mai 240 ƙasa da miliyan”, don ba haka ba ne. Akwai huɗu da suka yi kunnen doki da ita: 831,600 da 942,480 da 982,800 da 997,920. Ita dai ce ta fara kaiwa can. Ɗauki 942,480 ki warware, za ki ga 16 × 9 × 5 × 7 × 11 × 17. Siffarsu ɗaya sak, 17 ce kawai ta zauna a kujerar 13. Daga nan yaro zai gane da kansa me ya sa mai riƙe da kambu ba ta tsallake firam: in ta tsallake, sai a musanya babbar da ƙaramar da aka bari, a sami lamba mafi ƙanƙanta mai adadi iri ɗaya. Haka kuma maimaicin ba ya hawa yayin da firam ke girma, ko dai ya sauka ko ya tsaya: 4, 2, 1, 1, 1, 1. Sai dai cika waɗannan sharuɗɗa biyu bai isa ba. Lamba 30,030, wato 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13, ta cika su, amma 64 gare ta, alhali 27,720 da ke ƙasa da ita tana da 96.

Wata siffar, wadda a ganina ta fi sauƙin shiga kan yara: 720,720 ce mafi ƙanƙantar lambar da 1 zuwa 16 duk ke shiga cikinta ba saura. Daga 1 zuwa 10 amsar 2,520 ce. Da 11 ta shigo sai ta zama 27,720, kuma 12 ba ta ƙara komai ba. Da 13 ta shigo sai 360,360, 14 da 15 ba su ƙara komai ba. Sai 16 ta nemi 2 ta huɗu, aka ninka biyu. Lamba ta farko da ta ƙi shiga ita ce 17, tana barin saura 5. Bayanta 18 ta shiga, 19 ta ƙi, 20 da 21 da 22 sun shiga, 23 ta ƙi, 24 ta shiga, 25 ta ƙi don 5 ɗaya ce a ciki, 26 ta shiga, 27 ta ƙi don 3 biyu ce kawai.

To 720,721. Hujjar yaran rabinta gaskiya ce: duk lambar da ke raba 720,720, ban da 1, in ta raba 720,721 sai ta bar saura 1. Abin da wannan ya nuna kawai shi ne 2, 3, 5, 7, 11, 13 ba sa shiga. Bai ce komai ba a kan 17 zuwa sama, kuma kafin a ce lamba mai wannan girman firam ce sai an gwada duk firam har zuwa 848. Ga amsar:

720,721 = 71 × 10,151
720,719 = 31 × 67 × 347

Duk maƙwabtan biyu ba firam ba ne. Wannan kuskuren daga rashin fahimtar hujjar Yuklid, masanin lissafin Girka na dā, yake, wadda ya nuna da ita cewa firam ba sa ƙarewa. Shi bai ce ninki da ƙarin 1 firam ne ba, cewa ya yi akwai wata sabuwar firam a cikinsa. Misalin da aka saba bayarwa shi ne 30,031, wadda ita ce 59 × 509.

Akwai abin sha'awa da ya biyo baya. Tunda 2 tana raba 720,720, tana raba 720,722. Uku tana raba 720,723, huɗu 720,724, haka har 16 da 720,736. Ta baya ma haka ne, daga 720,718 har 720,704. Idan aka haɗa da maƙwabtan nan biyu da ita kanta, an sami lambobi 33 a jere, daga 720,704 zuwa 720,736, babu firam ko ɗaya a cikinsu.

Ga mai son ya leƙa nesa: jimillar da Baba Malam ya fitar, in aka raba ta da lambar, tana ba da 248/55, wajen 4.509. Babu lamba ƙasa da ita da ta kai wannan, irin rukunin da Alaoglu da Erdős suka yi rubutu a kai a 1944. A 1984 kuma Guy Robin na Faransa ya nuna cewa hasashen Riemann game da yadda firam ke bazuwa a cikin lambobi, wanda har yau ba a warware ba, daidai yake da cewa wannan rabon ba ya taɓa kai wata iyaka ga duk lambar da ta wuce 5,040. Iyakar a wajen 720,720 wajen 4.63 ce, ta kusa amma ba ta kai ba. Wannan ba na 'yan sakandare ba ne, amma malami ya san inda hanyar ta nufa.

Ɗalibin Fara'ili, Unguwar Alƙali:

Allah gafarta malamai. Mu a ɓangaren rabon gado da irin wannan lissafin ake kwana ake tashi, kuma lambar nan za ta yi wa Malama amfani in tana son misalin da yara suka san shi a gida.

Kasonnin da aka ƙayyade shida ne: rabi, rubu'i, sumuni, sulusi biyu, sulusi, sudusi. Lambar da ta ɗauke su duka ita ce 24, kuma 720,720 ÷ 24 = 30,030. Saboda haka in dukiyar naira 720,720 ce, rabi 360,360, rubu'i 180,180, sumuni 90,090, sulusi 240,240, sulusi biyu 480,480, sudusi 120,120, babu kwabo ko ɗaya da ya karye. A lura kuma rabi da sulusi da sudusi in aka tara su suna mayar da lambar daidai: 360,360 + 240,240 + 120,120 = 720,720. Kowace lamba da 6 ke shiga cikinta haka take, kuma daga nan ma ana iya gane mai rara ce ba tare da dogon lissafi ba, tunda uku kacal daga cikin masu raba ta sun riga sun cike ta, ga sauran ba a taɓa ba.

Inda abin ke da daɗi shi ne auli, lokacin da kasonni suka fi asalin mas'ala (lambar da ake fitar da kasonnin daga cikinta) yawa, sai a ɗaga asalin kowa ya ɗan ragu. Asali 6 yana hawa zuwa 7, 8, 9 ko 10. Asali 12 yana hawa zuwa 13, 15 ko 17. Asali 24 yana hawa zuwa 27 kawai. A cikin takwas ɗin nan, 720,720 ta ɗauki shida ta kasa biyu, kuma su ne dai waɗanda Malam na Dutsin-Ma ya ambata, 17 da 27.

Misali: mace ta rasu ta bar miji da 'ya'ya mata biyu da uwa. Miji rubu'i, 3 cikin 12. 'Ya'ya sulusi biyu, 8. Uwa sudusi, 2. An tara 13. Sai a raba 720,720 da 13, kowane sahami ya zama 55,440. Miji 166,320, 'ya'ya 443,520 wato kowace 221,760, uwa 110,880. A tara a gani, ya koma 720,720. Amma in namiji ne ya bar mata da 'ya'ya mata biyu da uwa da uba, kason 3 da 16 da 4 da 4 ne, jimilla 27, kuma 27 × 26,693 = 720,711, saura naira 9 da sai an shiga kwabo. Kuskuren da ɗalibai ke yi shi ne su raba dukiyar da tsohon asali, 12 ko 24, su ba na farko cikakken kasonsa, sai kuɗin ya ƙare kafin a kai ga na ƙarshe.

Ɗaya ɓangaren shi ne hatimi, ina nufin lissafinsa zalla, gidajen da kowane layi a tsaye da a kwance da a karkace ke ba da jimilla ɗaya. Mu Katsinawa muna da gado a nan. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi ya rubuta hanyoyin gina hatimi mai gidaje mara a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin masanin tarihin nan na Masar, Abdurrahman al-Jabarti.

Idan ana so hatimi mai uku-uku ya ba da 720,720, a cire 12 a raba da 3, gidan farko ya fito 240,236. Sai a bi tsarin 4 9 2, 3 5 7, 8 1 6 ana ƙara ɗaya-ɗaya, tsakiya ta faɗa kan 240,240, sulusin lambar. Ƙa'idar ke nan ga duk hatimi mara da aka cika da lambobi a jere: jimilla ita ce lambar tsakiyar jerin sau yawan gidajen layi. Don haka mai 5, mai 7, mai 9, mai 11, mai 13 da mai 15 duk za su fita lafiya.

Mai huɗu-huɗu ne ke ba da mamaki. Mutum zai ɗauka tunda 4 ta shiga lambar, shi ke nan. Ba haka ba ne, don a nan 30 ake cirewa kafin a raba da 4, kuma 720,690 ÷ 4 = 180,172 saura 2. Lambobi a jere ba za su ba da ita ba, sai an yi tsallake. In saura 1 ne ana ƙara ɗaya daga gida na 13, in 2 ne daga gida na 9, in 3 ne daga gida na 5. A nan daga na 9 ne, wato bayan 180,179 sai a tsallake 180,180 a ci gaba da 180,181:

180,179 | 180,183 | 180,186 | 180,172
180,185 | 180,173 | 180,178 | 180,184
180,174 | 180,188 | 180,181 | 180,177
180,182 | 180,176 | 180,175 | 180,187

Tsallaken ba ya aiki a kowane tsari. Sai wanda kowane layinsa ke da gida ɗaya daga 1 zuwa 4, ɗaya daga 5 zuwa 8, ɗaya daga 9 zuwa 12, ɗaya daga 13 zuwa 16. Wannan na sama, mai farawa da 8, 11, 14, 1, haka yake, shi ya sa kowane layi ya sami ƙarin 2 daidai.

Malamar Lissafi, Ƙofar Marusa:

Madalla, Allah ya ƙara ilimi. Saura abu ɗaya. A irin waɗannan gasanni ana yawan tambayar ko za a iya rubuta lamba a matsayin murabba'i biyu da aka tara ko aka ɗebe. Shin warwarewar nan ta firam tana amsa wannan ma, ko sai an koma gwaji?

Mai Kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:

Tana amsawa, Malama, kusan duka.

Ita kanta ba murabba'i ba ce, tunda 5, 7, 11, 13 sau ɗai-ɗai suka zo. Tana tsakanin 848 × 848 = 719,104 da 849 × 849 = 720,801. In an tambayi mafi ƙanƙantar lambar da za a ninka ta da ita ta zama murabba'i, waɗannan huɗun ne za a ba abokan zama: 5 × 7 × 11 × 13 = 5,005, sakamakon kuma 60,060 sau kanta, 3,607,203,600.

Ɗebewa tana da sauƙi. Dubi 720,801 − 720,720 = 81, wato 9 × 9. Saboda haka lambar ita ce murabba'in 849 a ɗebe murabba'in 9, wanda ke nufin (849 − 9) × (849 + 9) = 840 × 858. Wannan ita ce hanyar Fermat ta warware lamba, kuma a nan ta ci a gwajin farko. Su 840 da 858 su ne masu raba ta biyu mafi kusa da juna. Hanyoyin ɗebewa gaba ɗaya 72 ne. Dalili: in lambar a × b ce, murabba'an biyu na rabin jimillarsu da rabin bambancinsu ne, don haka dole a da b su zama duk cika ko duk mara. Duk mara ba zai yiwu ba a nan. Duk cika kuwa daidai yake da raba 180,180 gida biyu, ita kuma tana da masu raba ta 3 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 144, rabinsu 72. Wanda ya ce 120 ya manta da wannan sharaɗin, ya ƙirga har irin su 1 × 720,720 da ke ba da rabi-rabi.

Tara murabba'i biyu kuwa ba zai yiwu ba, kuma ba sai an gwada ba. Ƙa'idar ita ce a duba firam ɗin da ke barin saura 3 in an raba su da 4. A nan 3, 7 da 11 ne. Dole kowace ta zo a adadin cika. Uku ta zo sau biyu, ta wuce. Bakwai da sha ɗaya sau ɗai-ɗai, sun rushe maganar. Yara kan tsaya a gwajin nan na raba lambar kanta da 4, su ga saura 0, su ce ta yiwu. Wancan gwajin yana kore lamba ne kawai in saura 3 ya fito, ba ya tabbatar da komai.

Murabba'i uku zai yiwu. Ƙa'idar Legendre ta ce a yi ta raba lamba da 4 har ta ƙi, sannan a raba abin da ya rage da 8, in saura ba 7 ba ne to akwai hanya. A nan 720,720 ÷ 16 = 45,045, saura 5 in an raba da 8. Samun misali ma ba wuya: 720,720 − 719,104 = 1,616 = 1,600 + 16. Murabba'an 848 da 40 da 4 ke nan. Murabba'i huɗu ba a ma tambaya, Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa kowace lamba tana da shi.

Wata tambayar da ke fitowa ita ce rubuta lamba a matsayin jimillar lambobi a jere. Yawan hanyoyin shi ne yawan masu raba ta mara, a cire ɗaya. Baba Malam ya ce 48 ne, to hanyoyi 47. Mafi gajarta 240,239 + 240,240 + 240,241. Mafi tsawo lambobi 1,155, daga 47 zuwa 1,201, don matsakaicinsu 624 ne kuma 624 × 1,155 = 720,720. Babu wadda ta fara daga 1. Ana gane haka ta ninka lambar da 8 a ƙara 1: 5,765,761 ba murabba'i ba ce, ta faɗa tsakanin na 2,401 da na 2,402.

Lambobin da ke ƙasa da ita waɗanda ba su haɗa firam ko ɗaya da ita ba 138,240 ne, daga 8 × 6 × 4 × 6 × 10 × 12, ƙasa da kashi 20 cikin 100. A lissafin kwamfuta mai 0 da 1 ana rubuta ta 10101111111101010000, alƙaluma ashirin, sifilai huɗun ƙarshe kuma su ne 2 huɗun nan. In daƙiƙoƙi ne, kwana 8 ne da awa 8 da minti 12.

In makarantar na da kwamfuta, a bar yara su tabbatar da 240 a Excel. A jera 1 zuwa 848 a layin A, a layin B a sa =MOD(720720,A1) a ja ƙasa, sannan a ƙirga sifilai. Za a sami 120, kowace kuma tana da abokiyarta sama da 849, sai a ninka biyu. Ba sai an je 720,720 ba. Hattara biyu: in lambar murabba'i ce, kamar miliyan, saiwarta (a nan 1,000) ita ce abokiyar kanta, ninka biyu zai ƙirga ta sau biyu, ya ba da 50 maimakon 49. Na biyu, Excel alƙaluma 15 kawai yake riƙewa, abin da ya wuce haka yana mayar da shi sifili. Duk wanda ya ce zai ninka masu raba 720,720 gaba ɗaya a can zai sha kunya, don amsar ita ce lambar sau kanta har 120, alƙaluma 703.

Tsohon Malami, Daura:

Malama, in shawara ce, kada ki zuba musu wannan duka rana ɗaya. Ranar farko warwarewa da 240 da jimilla, da 12 da 60 a gefe don gwaji da hannu. Rana ta biyu ki ba su 360,360 su yi da kansu ba taimako: 2 uku ce a cikinta, don haka amsar 4 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 192, jimilla kuma 15 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14 = 1,572,480. Wanda ya kawo miki 120 ya ɗauka raba lamba biyu yana raba adadin biyu ne, shi za ki mayar kan zaɓin nan biyar da suka koma huɗu. Maganar 720,721 ki bar ta sai ƙarshe, ki sa su gwada firam daga 17 zuwa sama da hannunsu har su iso 71.